Na San Wadda Ta Yi Anko a Unguwarmu, Ban San Sunan Maƙwabciyata Ba

Assalamu alaikum Anti. Don Allah a ɓoye sunana. Shekarata 27, aurenmu shekara biyu da rabi ke nan, Allah bai kawo haihuwa ba tukuna. Maigidana ma'aikacin jinya ne a wani asibiti a Mancesta da ke Ingila. Ya riga ni zuwa, ni kuma na iske shi wata 14 da suka wuce. Ban rasa ci ba, ban rasa sutura ba, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Amma Anti, zaman ya ishe ni. Aikinsa awa 12 ne, wani mako rana wani mako dare, ranakun hutun ma yakan karɓi ƙarin aiki saboda ginin da yake yi a gida da kuɗin makarantar ƙannensa. In ya samu rana guda, rabinta barci, rabinta yana gidan abokinsa suna kallon ƙwallo. Ni kuwa daga ɗaki sai kicin sai bakin taga. Ina da digiri, koyarwa nake yi a sakandare kafin in taho, yanzu ba ni da aiki sai latsa waya. Na san duk wadda ta yi anko a bikin unguwarmu, amma ban san sunan maƙwabciyata ba. Tun da na zo, in ka cire cefane, sau uku muka fita tare. Da na yi magana sai ya ce, "To ina za mu je cikin sanyin nan? Komai a ƙasar nan kuɗi ne." Ranar da na yi kuka cewa ya yi mata nawa ne ke addu'ar su samu inda nake. Mama haƙuri take ba ni, ƙawayena kuwa sun ce daɗi ne ya yi mini yawa. Yanzu ko wuni na yi ina barci ba ya isata, abu kaɗan sai hawaye. Har na fara tunanin in ce ya mayar da ni gida, ya riƙa zuwa yana ganina. Butulci nake yi? Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Ba butulci kike yi ba, ki fara ajiye wannan kayan tukuna. Mutum yana iya gode wa Allah da zuciya ɗaya kuma kaɗaici yana cinsa, ɗaya ba ya kore ɗaya. Ƙawayenki hoto suke gani, mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo. Na yi irin zamanki shekarun baya a arewacin Ingila, kuma har yau ban manta Disambar farko ba. In idar da azahar, kafin in gama wanke-wanke la'asar ta yi, kafin in ɗora tukunya an shiga magariba, ƙarfe huɗu ba ta cika ba gari ya yi duhu. Sai in tsaya jikin hita ina kallon fitilun motoci a kan jiƙaƙƙen titi, in duba agogo in ga saura awa biyar maigida ya dawo. Wanda bai ga wannan duhun ba da wuya ya gane me ake nufi da tsawon dare.

Bari in gaya miki abin da nake ganin ya same ku, don ina jin ke da shi duka ba ku kira shi da sunansa ba. A gida ba ma shirya nishaɗi, shi yake zuwa har ƙofa. Kina shara a yi sallama, mai kitso ta leƙo, yaro ya shigo da aike, yau suna gobe kamu jibi dubiya, ko gaisuwar rasuwa ma fita ce kuma haɗuwa ce. Namiji kuma yana da majalisarsa, bayan isha'i a kan tabarma ko benci a bakin mai shayi. Mace na samun hirarta wurin mata, namiji wurin maza, su haɗu da dare kowa ya ƙoshi da mutane. Shi ya sa mazanmu da yawa ba su taso sun ga mahaifinsu ya ɗauki mahaifiyarsu zuwa shan iska ba, unguwa ce ta ɗauke masa wannan nauyin. To ke jirgi ya raba ki da unguwar cikin dare ɗaya, aikin da mutum hamsin suke yi miki ya faɗo kan mutum ɗaya, shi ma a gajiye. Maigidanki kuwa, ki lura, ya riga ya sake gina majalisarsa. Gidan abokin nan da ake kallon ƙwallo ita ce. Ya yi wa kansa maganin kaɗaici tun shekarar da ya yi shi kaɗai, bai kuma lura cewa ke ba ki samu naki ba.

Ina tausaya masa, gaskiya. Awa 12 a tsaye, ana juya maras lafiya, ana rubuce-rubuce, ana haɗiye maganar da a gida ba za a haɗiye ba, sannan wanda ya kwana aiki barcin rana ba ya biya masa bashin na dare. Ga waya daga gida, kowa fam yake lissafawa da naira, ba mai lissafa haya da kuɗin wuta da harajin ƙaramar hukuma. Ina kyautata zaton a ransa duk ƙarin aikin nan dominki yake yi, shi ya sa kukanki ya faɗo masa kamar an ce bai iya riƙo ba, sai ya kare kansa da waccan maganar. Amma maganar ba daidai ba ce, kuma ba zan shafa mata mai ba. Matan da ke addu'ar samun inda kike ba su yake aure ba. Ci da sha wani ɓangare ne na haƙƙi, zama da hira wani ɓangaren ne. Lokacin da Salmanul Farisi ya tarar Abu Darda'i ya duƙufa azumi da tsayuwar dare har ya bar kula da matarsa, cewa ya yi masa iyalinka ma suna da haƙƙi a kanka, Manzon Allah (SAW) kuma ya ce Salmanu ya yi gaskiya. In ibada ba ta zama uzuri ba, bulo da siminti ba za su zama ba.

Kafin maganar maigida, akwai wadda ta fi gaggawa, wato jikinki. Barcin da ba ya isa da hawaye ba dalili, kada ki bar su a kan kewar gida kawai. Ki nemi ganin likitan unguwarku, in ba ki yi rajista ba ki yi, kyauta ne. Ki faɗa masa komai kamar yadda kika faɗa mini, ki roƙi a duba jininki, don ƙarancin jini da ƙarancin bitamin D duk suna kawo kasala irin wannan. Hukumar lafiya ta ƙasar, NHS, tana ba kowa shawarar shan maikurogiram 10 na bitamin D kullum a watannin sanyi, masu duhun fata irinmu kuwa duk shekara, saboda ranar can ba ta isar fatarmu. Idan kuma likita ya ga ciwon damuwa ne ya fara shiga, ba hauka ba ne ba kuma raunin imani ba, akwai masu ba da shawara ta hanyar tattaunawa da za ki iya neman su da kanki ba tare da biya ba. In wata rana kika ji tunanin cutar da kanki ya zo, ki kira 111 a take, ko 999 in abin ya yi tsanani, kada ki jira ya dawo daga aiki. Sannan ki riƙa fita da hantsi ko da minti 20 ne, ko gari ya yi gajimare, hasken waje ya fi na fitilar ɗaki nesa ba kusa ba. Ki sayi rigar sanyi ta ƙwarai da takalmin da ruwa ba ya shiga. Yawancinmu muna tsanar sanyin ne don muna fita da suwaitar hunturun Kano.

Sai zancen zama da shi. Kada ki tare shi ranar da ya fito aikin dare, ido ja, ƙafa a kumbure, duk abin da kika faɗa ranar ƙorafi zai ji. Ki bari sai ya yi barci ya ƙoshi, ya ci abinci. Kuma ki canza salon buƙatar. "Ba ka fita da ni" tuhuma ce, namiji in ya ji tuhuma lauya yake zama. Ki ce masa kin ga wahalar da yake sha kuma kina yi masa addu'a, amma ke ma akwai abin da ke cin ki, kuma abu ɗaya kike roƙo: duk lokacin da jadawalin aikinsa ya fito, ku zauna tare ku zaɓi rabin yini biyu a wata da ba za a sayar wa asibiti ba, ba kuma za a ba ƙwallo ba. Jadawalin ma'aikatan jinya yakan fito makonni kafin lokaci, saboda haka abu ne mai yiwuwa. Ku rubuta ku manna a jikin firij. Na san abin zai yi miki banbaraƙwai, miji da mata da alƙawarin haɗuwa kamar masu zuwa ganin likita, ni ma dariya na yi da aka fara ba ni shawarar. Amma a ƙasar da ko maƙwabci sai ya yi waya kafin ya ƙwanƙwasa, abin da ba a sa wa rana ba ba ya faruwa.

Maganar kuɗi kuma ku yi ta da biro da takarda. Nawa ke shigowa, nawa ke tafiya gida, ginin yaushe ake sa ran kai shi linta, ƙanin da ke makaranta saura shekara nawa. Kada ki taɓa abin da yake aika wa iyayensa, wannan ba fagenki ba ne, kuma in kika shiga nan kin rasa shari'ar tun kafin a zauna. Tambayarki ita ce, in aka rage ƙarin aiki guda ɗaya a wata, ginin wata nawa zai ƙara? Sau da yawa in aka lissafa sai a ga jinkirin bai kai yadda ake tsoro ba. Dokar aiki ta ƙasar ma ta sa matsakaicin awa 48 a mako, sai wanda ya sa hannu da kansa cewa ya yarda ya wuce, kuma ma'aikaci na da hutun shekara na aƙalla mako 5.6 da albashinsa. Ki tambaye shi cikin raha ina hutunsa na bana ya tafi.

Cewar da ya yi komai kuɗi ne, a nan kam Mancesta za ta ƙaryata shi. Gidan tarihin da ke jami'ar garin a titin Oxford shiga kyauta ne, haka gidan tarihin kimiyya da masana'antu, inda za ku ga injinan saƙar da suka sa garin ya yi suna a harkar auduga. Babban laburaren da ke dandalin St Peter's kyauta ne, da ɗumi, ba mai korar ki ko wuni kika yi. Lambun Heaton ya kai eka 600, sai kun gaji da tafiya ba ku ƙure shi ba. Ki dafa shayi mai citta da kanumfari ki zuba a fulas, ki soya ƙosai ko fanke ki naɗe, kuɗin bas kawai za ku kashe. In rana ta yi kyau, daga tashar Piccadilly jirgin ƙasa zai kai ku ƙauyen Edale cikin ƙasa da awa ɗaya, duwatsu da tumaki da korayen filaye, wurin da in kika ɗauki hoto ƙawayen nan za su ƙara tabbatar da zarginsu. Akwai ma katin rangwame na mutum biyu masu tafiya tare, da ke rage kashi ɗaya cikin uku na kuɗin jirgi. Ranar albashi kuma titin Wilmslow a Rusholme cike yake da gidajen abinci na halal. Ki fara da na kusa kuma gajere, awa biyu ku dawo. Mutumin da ya gaji in aka ja shi yawon yini guda a karon farko, ba za a ga na biyu ba.

Ƙwallon kuwa ban ba ki shawarar yaƙarta ba, za ki sha kaye. Ki shiga ta ƙofarta. Abokin nan yana da mata? Sauran masu zuwa fa? Ki ce wani makon a zo gidanku, kowa ya taho da iyalinsa, ki tuƙa tuwon semo da miyar kuka, in kukar ta ƙare shagunan 'yan Afirka na titin Moston ba sa rasa abin miya. Maza na falo suna musu kan alƙalin wasa, ku kuna kicin. Wataƙila a cikin matan nan akwai wadda take tsaye bakin tata tagar kamar ke. Kuma ga wani sirri da zai yi miki amfani: wasannin da ake bugawa ƙarfe uku na ranar Asabar ba a nuna su kai tsaye a talabijin a Ingila, abin da ɗan gidan kallo a Kano yake gani shi mazaunin Mancesta ba ya gani. Saboda haka in an ce miki duk Asabar ƙwallo ce tun safe har dare, ki nemi a nuna miki jadawalin.

Yanzu ɓangaren da ya fi nauyi, kuma naki ne ke kaɗai. Ko maigidanki ya zama waliyyi, rabin yini biyu a wata ba zai cike sauran kwana 28 ba. Dole ki gina taki unguwar, kuma zumunta a ƙafa take. Matar da ta zo a kan bizar mijinta ma'aikacin jinya tana da izinin aiki da karatu, ki duba sharuɗɗan da ke kan taki don ki tabbatar. Ke malama ce. Makarantun can na ɗaukar mataimakan malamai, sau da yawa ta hannun kamfanonin samar da ma'aikata, bayan binciken da ake yi wa duk mai aiki da yara. Ko kwana biyu a mako kika samu, kin fita, kin ji muryar mutane, kuma abin da kika kawo zai iya maye gurbin ƙarin aikin da kike so ya rage. Ki sa wannan a cikin lissafin da za ku yi, don ya ga cewa fitarki sauƙi ce gare shi. Kafin aikin ya samu, ki leƙa masallacin da ya fi kusa ki tambayi karatun mata, ko Islamiyyar yara ta ƙarshen mako da ke neman mai taimako. Kada ki ce sai Hausawa. 'Yar Somaliya ko 'yar Pakistan da kuka haɗa sahu sau uku ta zama 'yar'uwa. Laburaren unguwa kan shirya zaman hira na mako-mako, wuraren motsa jiki na ƙaramar hukuma da yawa suna da awannin mata zalla. In kina tuƙi a gida, ki sani lasin Nijeriya wata 12 kawai yake aiki a can, naki ya wuce, sai ki nemi na koyo ki fara shirin jarrabawa. Wannan ma abin yi ne mai cika rana.

Wayar fa, ban ce ki yar ba. Muryar Mama magani ce. Amma bin kowane biki a WhatsApp daga kamu har buɗar kai yana sa jikinki na Ingila ranki na gida, sai ki rasa duka biyun. Ki sa mata lokaci, misali bayan magariba, hantsi kuma ki bar wa garin da kike ciki.

Batun komawa gida ban rufe shi ba, akwai ma'auratan da suka zaɓi haka kuma suka zauna lafiya. Sai dai ban so ki yanke shi a tsakiyar sanyi da hawaye a ido. Aure na shekara biyu da rabi, wanda kusan rabinsa an yi shi a rabe, ga fatan haihuwa, raba gari zai ƙara masa nauyi. Kuma doguwar tafiya tana shafar takardu, don a ƙa'idar neman zaman dindindin ana duba ko mutum ya wuce kwana 180 a waje cikin wata 12, dokokin kuma suna yawan canzawa, sai kun tambayi masani kafin ku yi motsi. Abin da na fi so shi ne ziyara, mako huɗu ko shida, a Janairu ko Fabrairu lokacin da duhun ya fi cin rai, da tikitin dawowa a hannu. Sannan ki ba sabon tsarin wata shida. Garin da kike gani yanzu ba shi ne na watan Yuni ba, lokacin da rana ke kaiwa tara da rabi na dare ba ta faɗi ba, lambuna cike da iyalai. In lokacin ya zo kin gwada duk wannan zuciyarki na nan inda take, sai ku zauna ku yi maganar komawa da hankali kwance.

In kuwa kin yi magana sau ɗaya, sau biyu, cikin ladabi, ya toshe kunne, ko ya ce ba aiki ba karatu ba fita, to ki nemi wanda yake jin nauyinsa. Babban yayansa, ko limami, ko wani dattijo cikin 'yan gida mazauna can da ya daɗe da iyali, wanda zai gaya masa abin da shi ma ya koya da wahala. Kada ki fara da kai ƙara wurin Mama, kada kuma ki baza a cikin ƙawaye, maganar da ta tsallaka teku takan dawo da ƙari. Amma daga yadda kika siffanta shi, mutumin da bai taɓa ɗaga miki murya ba, ina sa ran ba za a kai nan ba.

Maƙwabciyar nan kuma, mutanen can da zancen yanayi suke buɗe hira. Ranar fitar da shara in kun haɗu a ƙofa, ki gaishe ta ki ce yau sanyin ya yi yawa, za ki ga ta karɓe. Karo na biyu ki faɗi sunanki. Karo na uku ki miƙa mata cincin a ɗan kwano, ki gaya mata abin da aka haɗa shi da shi, don suna tsoron abincin da jikinsu ba ya so. Allah ya sanyaya miki, ya daidaita tsakaninku, ya kawo zuri'a mai albarka. Ki sake rubuto mini bayan wata biyu, ina so in ji abin da likita ya ce, da kuma sunan matar.